James Brown, ɗan talakan da ya mai da kowane abin kiɗa ganga

Duk wanda ya yi samartakarsa a Damagaram tsakanin 1970 da 1977, ko a Birni yake ko a Zango, da wuya a ce bai taɓa jin sunan James Brown ba. Ta hanyar Kano faya-fayansa suke shigowa, sa'an nan su bi hannu-hannu har allura ta cinye su. Har yanzu in waɗanda suka ga zamanin suka zauna suna jera waƙoƙin Turai da Amurka na tsakiyar shekarun 1970, wannan ya ce Stevie Wonder ne gaba, wancan ya ce Marvin Gaye, wani ya kawo ABBA, sunan James Brown ba ya fita daga cikin gardamar. Abin mamaki, a can ƙasarsu bai taɓa hawa matsayi na ɗaya ba a babban jerin mujallar Billboard, wanda yake haɗa kiɗan farar fata da na baƙar fata. Iyakarsa na uku. A jerin kiɗan baƙar fata kuwa, sau 17 yana zuwa na ɗaya. Ga tarihin mutumin, da dalilin da ya sa kunnen Afirka ya ba shi matsayin da kasuwar Amurka ta hana shi.

An haife shi ran 3 ga watan Mayu na 1933, cikin wata bukkar katako kusa da garin Barnwell, a jihar Karolina ta Kudu. A lokacin dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin Amurka: baƙar fata da lakwal ɗinsa daban, wurin zamansa a mota daban, har inda zai sha ruwa daban. Yana ɗan shekara huɗu uwarsa ta bar gida. Daga baya ubansa, Joe Brown, ya kai shi Augusta, a jihar Jojiya, wajen wata gwaggonsa wadda take riƙe da gidan mata masu zaman kansu. Nan ya tashi. Ya yi goge takalma, ya yi tsinkar auduga, ya yi rawa gaban sojojin barikin da ke kusa don su jefa masa ƴan kwabbai. Karatunsa bai wuce aji na bakwai ba.

A 1949, yana da shekara 16, aka kama shi da laifin fasa motocin mutane. Alƙali ya yanke masa daga shekara 8 zuwa 16, aka kai shi gidan kason yara, daga baya aka mai da shi na garin Toccoa. A can ya haɗa ƴan'uwansa fursuna suna waƙoƙin majami'a, a can kuma ya san wani saurayi ɗan garin, Bobby Byrd. Iyayen Byrd ne suka tsaya masa har aka sake shi a 1952, ya shiga ƙungiyar waƙa ta ɗansu, wadda ta zama Famous Flames.

Faifansu na fari, "Please, Please, Please", ya fito a 1956. Mai kamfanin, Syd Nathan, bai so waƙar ba ko kaɗan, don a ganinsa ba kome ciki sai maimaita kalma ɗaya. Jama'a suka saya. Bayan wannan sai kasuwa ta yi sanyi har 1958, da "Try Me" ta fito, daga baya kuma ta zo ta ɗaya a jerin baƙar fata. Daga nan bai zauna ba: akwai shekarun da ya yi wasa fiye da dare 300, yau a wannan gari, gobe a wancan. A ƙarshen wasa yakan faɗi bisa gwiwoyinsa kamar ƙarfinsa ya ƙare, a yafa masa alkyabba a nufi waje da shi, sai ya jefar da ita ya komo ga waƙa. Kowa ya san shiri ne, amma kullum sai wurin ya ruɗe.

Ran 24 ga Oktoba 1962 ya sa aka ɗauki wasansa a gidan Apollo, cikin Harlem, unguwar baƙar fata ta New York. Kamfani ya ƙi ba da kuɗi, yana ganin ba mai sayen waƙoƙin da ya riga ya saya. Shi ya biya daga aljihunsa. Faifan ya fito a 1963, ya kai na biyu a Amurka duka, ya yi mako 66 cikin jeri.

To, abin da ya bambanta shi da sauran mawaƙan sol, watau kiɗan baƙar fata wanda ya samo asali daga waƙoƙin majami'a, ya fara bayyana a 1965 da "Papa's Got a Brand New Bag", ya kuma tabbata a 1967 da "Cold Sweat". Bari mu tsaya nan kaɗan, don nan ne gindin maganar. Kiɗan Amurka na lokacin yana tafiya ne da bugu huɗu-huɗu, kuma nauyi yana faɗawa bisa bugu na biyu da na huɗu. James Brown ya ɗauke nauyin ya aza shi bisa bugu na ɗaya. Sa'an nan ya rage hawa da saukar murya da Turawa suke ɗauka ita ce waƙa, ya ba kowane makaɗi ɗan guntun sautinsa da zai yi ta maimaitawa. Mai gita ya daina jan sauti, yana ƙwanƙwasawa. Masu ƙaho suna sara su tsaya. Mai babbar gita yana riƙe da gindi. Shi kansa muryarsa, da kururuwa da gurnani, ta zama wani bugu cikin bugu. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya, kowace da lokacin da taɓaryarta take sauka, ba mai karo da wata, ya fahimci abin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bisa wannan kuma ya ƙara jefa magana ana amsa masa, shi ya faɗa, Bobby Byrd ko makaɗa su amsa, yadda Shata yake yi da ƴan amshinsa. Wannan salon aka sa wa suna fank. Shi ya sa samarinmu, waɗanda yawancinsu Faransanci suka koya a lakwal, ba su ji Ingilishi ba, ba su rasa kome a cikin kiɗan ba.

Irin wannan kiɗa ba ya yiwuwa sai da horo, shi kuwa horonsa ya wuce misali. In makaɗi ya yi kure, ko ya makara, ko takalminsa bai sha goge ba, tara ce. Yana cikin rawa yake nuna wa mai laifi da yatsu abin da za a cire masa daga albashi, jama'a suna zaton salon rawa ne. A watan Maris na 1970 makaɗansa suka taru suka ce ba su hawa sai an gyara musu kuɗi. Bai saurare su ba. Ya aika da jirginsa aka ɗauko wasu samari daga Cincinnati, cikinsu har da Bootsy Collins, mai babbar gita, ɗan shekara 18, kuma da su ya yi "Sex Machine" a wannan shekara.

Sunansa ya wuce fagen rawa tun 1968. A farkon shekarar ya zo Afirka karo na fari, ya yi wasa a Abijan. Ya koma ke nan aka kashe Martin Luther King, ran 4 ga Afrilu, birane da yawa suka kama da wuta. Kashegari yana da wasa a Boston. Hukumar birnin ta sa aka nuna wasan a talabijin don mutane su zauna gida, kuma da samari suka fara hawa dandamali, shi ya hana ƴan sanda taɓa su, ya lallashe su da bakinsa suka sauka. Boston ta kwana lafiya. A watan Agusta ya fitar da "Say It Loud – I'm Black and I'm Proud", wadda take kiran baƙar fata ya yi alfahari da launinsa. Ya kuma sayi gidajen rediyo uku, ɗaya a Augusta, inda dā yake goge takalma.

A Afirka ta Yamma, ƙasashe ba su daɗe da samun mulkin kai ba, kuma ga wani baƙar fata mai jirgin kansa, mai gidajen rediyo, wanda ba ya sunkuyar da kai. Hotunan da Malick Sidibé ya ɗauka a Bamako suna nuna samari da ƴan mata riƙe da faya-fayansa kamar wata shaidar wayewa. A watan Disamba na 1970 ya zo Najeriya, makaɗansa suka je gidan rawar Fela Kuti a Ikko, suka fito suna mamakin abin da suka ji. Masana har yanzu suna gardamar wanda ya fi ɗaukar na wani. Abin da ya tabbata shi ne kowanensu ya saurari ɗan'uwansa.

Tsakiyar shekarun 1970 ta same shi cikin wahala. A 1972 ya goyi bayan shugaba Nixon a zaɓe, baƙar fata da yawa suka yi fushi, wasu suka tsaya ƙofar wuraren wasansa suna hana shiga. A watan Yuni na 1973 babban ɗansa Teddy ya rasu a haɗarin mota. Ma'aikatar lanho kuma ta taso shi gaba tana bin sa miliyoyin dalar Amurka. Cikin wannan hali ya yi "The Payback", waƙar ramuwar gayya. Don wani silima aka shirya ta, masu siliman suka ƙi karɓa, sai ya fitar da ita da kansa a ƙarshen 1973. Fiye da minti 7 take tafiya bisa sauti kusan guda, a hankali, ba gaggawa, kamar mai fushin da ya san ranarsa tana zuwa. A ganina, in za a jera waƙoƙinsa na wannan lokaci, ita ce gaba, kuma ba kusa ba. A 1974, shekarar da muke fama da fari a nan, waƙoƙinsa uku suka zo na ɗaya a jerin baƙar fata: ita, da "My Thang", da "Papa Don't Take No Mess", wadda ta kusa minti 14 a babban faifai. Wannan ta ukun ita ce ta ƙarshe da ta kai masa wannan matsayi. A babban jeri kuwa "The Payback" ba ta shiga ko cikin ashirin na farko ba.

A watan Satumba na 1974 aka yi bikin kiɗa na kwana uku a Kinshasa, daga ran 22 zuwa 24, don share fagen damben Muhammad Ali da George Foreman. Hugh Masekela yana cikin waɗanda suka shirya shi. Miriam Makeba ta yi waƙa, da Franco, da Tabu Ley, da B.B. King, amma James Brown ne babban baƙo. Damben kansa sai ran 30 ga Oktoba aka yi shi, don Foreman ya ji ciwo a gira wajen horo. Wanda ya kalli siliman "Soul Power", da aka haɗa a 2008 daga hotunan bikin, zai ga mutum mai shekara 41 yana tsagewa ƙasa yana miƙewa kamar ɗan ashirin.

Daga nan rana ta fara karkata. Kiɗan disko, wanda ya ari bugunsa ya sassauta shi, ya cinye kasuwa. Manyan makaɗansa, Fred Wesley da Maceo Parker, suka koma wajen George Clinton. "Get Up Offa That Thing" ta 1976 tana da daɗin rawa, ana kuma tunawa da ita, amma ba ta kai nauyin na 1974 ba. Gidajen rediyo da jirgi duk suka salwanta.

Ya sake ɗagowa a 1985 da "Living in America", ta siliman "Rocky IV", wadda ta kai ta huɗu. A 1986 yana cikin rukunin farko da aka shigar a gidan tunawa da manyan makaɗan rok. A lokacin kuma matasa masu kiɗan rap suka shiga yanko guntayen tsofaffin faya-fayansa suna gina nasu a kai, musamman bugun gangar Clyde Stubblefield a "Funky Drummer", wanda aka ara sau ɗaruruwa, shi mai gangar bai sami abin kirki ba.

Akwai abin da ba ya kyautu a ɓoye. Mutumin da yake korar makaɗi saboda ƙwaya, shi kansa ya faɗa cikinta. A watan Satumba na 1988 ƴan sanda suka bi shi da mota tsakanin Jojiya da Karolina ta Kudu, suka harbe masa tayoyi kafin ya tsaya. Aka yanke masa shekara 6, ya fito a watan Fabrairu na 1991. An kuma sha kama shi da laifin dukan matansa, har a 2004, yana da shekara 70. Wahalar ƙuruciya tana iya bayyana asalin wannan hali, amma ba ta wanke shi.

Bai bar wasa ba har ƙarshe. Ya rasu a asibitin Atlanta ran 25 ga Disamba 2006, yana da shekara 73, bayan ciwon huhu ya taɓa masa zuciya. Aka kai gawarsa gidan Apollo cikin keken doki, dubban mutane suka yi layi. A jana'izar Augusta, Michael Jackson, wanda tun yana yaro yake kwaikwayon rawarsa, ya zo ya yi ban kwana.

A wasiyyarsa ya bar yawancin dukiyarsa don karatun yara matalauta na Jojiya da Karolina ta Kudu. Ƴaƴansa da matar da yake tare da ita a ƙarshe da masu riƙon amana suka shiga shari'a, aka yi kusan shekara 15 ana ja, lauyoyi suna ci. Sai a 2021 aka sasanta, aka sayar da haƙƙin waƙoƙinsa a kan kimanin dalar Amurka miliyan 90, don a fara cika wasiyyar.