Dokta John Ziegler, Likitan Masu Ɗaga Ƙarfe

A bayan ɗakin kwananmu akwai wasu samari da ke ɗaga ƙarfe kullum da yamma. A bakinsu na fara jin sunan wata ƙwaya, wai Dianabol. Da na bi diddiginta sai na ci karo da tarihin wani likita ɗan Amurka mai suna John Ziegler.

An haife shi wajen shekarar 1920. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya ji munanan raunuka. Bayan ya warke ya karanta likitanci a Jami'ar Maryland. Shi ma mai son ɗaga ƙarfe ne, wannan ya haɗa shi da 'yan wasan ƙungiyar York Barbell.

A 1954 ya raka 'yan wasan Amurka gasar duniya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Can ne wani likitan Tarayyar Sobiyet ya tsegunta masa cewa ana yi wa 'yan wasansu allurar testosteron, wato sinadarin da ke gina tsoka a jikin namiji. Da ya koma gida ya gwada allurar har a jikinsa, amma illarta ba ta yi masa daɗi ba. Sai ya shiga neman wani abu mai sauƙin illa.

A 1958 kamfanin Ciba ya fito da Dianabol a kasuwar Amurka. Magani ne na asibiti, ana ba wa waɗanda suka ƙone da tsofaffin da jikinsu ya rame. Ziegler ya ɗauko shi ya riƙa ba 'yan wasa kaɗan-kaɗan. A ganina kuskurensa ke nan, domin ya ɗauka mai neman lambar zinare zai tsaya inda likita ya ce. Ina! Da suka ga ƙarfi ya ƙaru sai suka riƙa ninka ƙwayar a ɓoye. Ga shi tana lalata hanta, tana kuma ƙanƙantar da 'ya'yan maraina.

Daga baya ya janye hannunsa, ya fito fili ya yi da-na-sani, amma ƙwayar ta riga ta bazu. A wasannin Olamfik kuwa, sai a gasar 1976 a Montreal aka fara gwajin 'yan wasa a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Ziegler ya rasu a 1983 sakamakon ciwon zuciya.