Tarihin Werner von Siemens, uban kamfanin Siemens

An haifi Werner Siemens ne a ranar 13 ga watan Disamban 1816 a ƙauyen Lenthe da ke kusa da birnin Hanover na ƙasar Jamus. Shi ne na huɗu daga cikin 'ya'ya 14 na wani manomi da ke noma gonar haya. Da yake mahaifinsa ba shi da halin tura shi jami'a, sai Werner ya shiga rundunar sojan Prusiya, inda ya samu horon injiniya a makarantar sojan igwa ta Berlin daga 1835 zuwa 1838. Mahaifiyarsa ta rasu a 1839, mahaifinsa kuma ya bi bayanta a 1840, lamarin da ya ɗora masa nauyin ƙannensa. Neman abin da zai riƙe su da shi na daga cikin dalilan da suka sa ya dage ga ƙirƙire-ƙirƙire.

A shekara ta 1847 ya inganta na'urar tangarahu, sannan ya haɗa gwiwa da wani ƙwararren makaniki, Johann Georg Halske, suka kafa kamfanin Siemens da Halske a wani ɗan shago a Berlin da ma'aikata goma, bayan da wani ɗan uwan Werner ya ba su jari. Cikin shekaru biyu suka kammala layin tangarahu mai tsawon kimanin kilomita 500 daga Berlin zuwa Frankfurt. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da hukumomin Prusiya har suka janye masa kwangila a 1851, sai ya juya ga ƙetare, inda ƙaninsa Carl ya riƙe harkokin kamfanin a Rasha, wani ƙanin nasa Wilhelm kuma a Landan.

Babban abin da ya fito da sunansa shi ne injin dinamo da ya ƙera a 1866. Kafin wannan lokaci injinan samar da lantarki sun dogara ne kan maganaɗisun ƙarfe, wanda ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Werner ya gano cewar ɗan ragowar maganaɗisu da ke cikin ƙarfen injin ya isa ya haifar da 'yar wuta kaɗan, wadda idan aka mayar da ita cikin wayoyin injin za ta ƙara wa maganaɗisun ƙarfi, shi kuma ya ƙara yawan wutar. Wasu masana a Ingila, ciki har da Charles Wheatstone, sun gano haka a daidai lokacin, amma Siemens ne ya mayar da shi sana'a. Da yawa daga cikin janaretocin da masu walda da masu cajin waya ke tayarwa a Rijiyar Zaki da sauran sassan Kano suna aiki ne bisa wannan ƙa'ida.

To sai dai bunƙasar kamfanin ta zo da sauye-sauyen shugabanci. Halske, mutum mai taka-tsantsan da ƙaunar aikin hannu, bai gamsu da irin kasadar da 'yan uwan ke yi da dukiya a ayyukan shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku ba, don haka ya janye a ƙarshen 1867, kamfanin ya koma hannun iyalin Siemens kacokan. A 1870 suka kammala layin tangarahu daga Landan zuwa Kalkata ta Indiya, a 1879 suka gabatar da jirgin ƙasa mai aiki da lantarki a Berlin, sannan a 1888 sarkin Jamus ya karrama Werner da laƙabin "von" na masu martaba.

Amincewar da ya yi wa dangi, wadda ta ɗaukaka kamfanin da farko, ita ce ta so zame masa cikas daga baya. Gina tashoshin wuta na buƙatar jari mai yawa daga bankuna, amma Werner ya ƙi yarda a sayar wa bare hannun jari. A wannan tsakanin ne kamfanin AEG na Emil Rathenau, wanda aka kafa a 1883 da tallafin bankuna, ya zama babban abokin hamayyarsa. A 1890 Werner ya miƙa ragamar ga ƙaninsa Carl da 'ya'yansa Arnold da Wilhelm. Ya rasu a Berlin ranar 6 ga watan Disamban 1892, yana mai barin ma'aikata kimanin 6,500. Sai a 1897 ne magadansa suka mayar da kamfanin na hannun jari.

A shekara ta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Siemens da nufin kai ƙarfin wutar Nijeriya megawat 25,000 zuwa 2025, wa'adin da ya wuce ba tare da an cimma wannan adadi ba. A 2020 kuma aka ware sashen ƙera injinan samar da wuta ya zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan Siemens Energy.