Samuel Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Bishop

A shekara ta 1990 Angilikan suka kafa dayosis a birnin Katsina, a 2023 kuma 'yan Katolika suka kafa nasu. Saboda haka samarinmu sukan tambaye mu, mene ne bishop, don me kuma waɗansu ekklesiyoyi suke da shi, mu kuwa dattawa da majalisu ne suke bi da mu. Waɗansu ma suna tsammani bishop sarkin masu bi ne. Bari mu fara da kalmar, sa'annan mu dubi mutumin.

Asalin kalmar Helenanci ne, episkopos, wato mai duba, mai kula. Cikin Ayyukan Manzanni sura 20, Bulus ya kirawo dattawan Afisa, ya kuwa kira su da wannan suna. Haka kuma cikin Titus sura 1. A zamanin nan dattijo da bishop ɗaya ne. Amma wajen shekara ta 110, cikin wasiƙun Ignatiyus na Antakiya, mun tarar da hawa uku: bishop guda, dattawa a ƙarƙashinsa, sa'annan dikinoni. Wannan shiri shi ake kira Efiskofal, wato mulkin bishop-bishop. Bishop kaɗai ke ɗora hannu ya keɓe firist. Ƙasar da yake kula da ita ana ce da ita dayosis. Shi kansa kuwa, bisa ga dokar taron Nikiya na 325, sai bishop uku ko fiye sun taru kafin a keɓe shi.

Baƙin mutum na fari da Angilikan suka ɗora a wannan matsayi shi ne Ajayi. An haife shi a Oshogun cikin ƙasar Yarabawa wajen 1809. A 1821 mahara suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin, aka sauke su a Saliyo. A can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1841 ya hau Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya rubuta ƙamus na Hausa daga baya. Aka keɓe shi firist a 1843. Da ya zo Abeokuta a 1846 sai ya sadu da uwarsa, bayan rabuwar shekara 25.

Henry Venn, magatakardan C.M.S., ya ƙudurta cewa ekklesiyar Afirka ta tsaya da ƙafafunta. Ta wurin ƙoƙarinsa aka keɓe Crowther bishop a Kantabari ran 29 ga Yuni, 1864. Amma tun daga fari akwai gyara a zancen. Waɗansu Turawan mishan sun ƙi zama a ƙarƙashin baƙin mutum, sai aka ba shi ƙasashen da ke bayan iyakar mulkin Sarauniya. Kuɗin aikin kuwa yana hannun kwamitin London. Ya sami rawani, amma linzami yana hannun wani.

Duk da haka ya yi aikin mai duba. Kusan kowace shekara yakan hau kogi ya zaga Onitsha da Lokoja, yana keɓe ma'aikata, yana sulhunta masu faɗa. Ya bi da aikin juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci, ya kuma rubuta nahawun Nufanci. Yakan je Bida ya gai da Sarki Masaba da ladabi, ba ya zagin addinin kowa, ba ya kuwa ɓoye nasa. Har Sarki Maliki, wanda ya yi sarauta daga baya, ya aika masa da takarda da Hausa, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a daina kawo barasa ƙasar Nufe.

Gwaji mai zafi ya zo da tsufa. Waɗansu samarin Turawa suka iso da himma ba haƙuri. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka fāɗi cikin zunubi, tsohon kuwa mai taushin hannu ne wajen horo. Amma a taron kwamiti a Onitsha, cikin Agusta 1890, suka dakatar da fastocin da shi ya keɓe, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Bisa ga shirin Efiskofal ba su da wannan iko, gama hukuncin firist na bishop ne. Bai rama ba, bai tsaga ekklesiya ba. Ya sauka daga kwamitin kawai. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Aka yi wajen shekara 60 kafin a sāke ba baƙin mutum dayosis a Nijeriya. A 2014 Babban Bishop na Kantabari ya furta a fili cewa an zalunce shi.

Crowther bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Bishop Tugwell, wanda ya riƙe aikin Kwara daga 1894, shi ya kawo Likita Miller Kano a 1900.

'Yan'uwa, mu da ba mu da bishop kada mu yi fahariya, gama dattijo ma yana iya mai da kujerarsa gadon sarauta. Ma'auni ɗaya ne ga kowa, yana cikin 1 Bitrus sura 5: kiwon garke ba da nuna iko ba. Mu yi addu'a domin masu kula da mu, kowane irin suna ake kiransu da shi.