Sarki Tanimun na Damagaram, Mai Igwa

 

'Yan'uwana ɗalibai, kun tuna ran da aka kai mu tsohon barikin Turawa na nan Kumasi, wanda yanzu ya zama gidan tarihin soja. Mun ga igwoyi, mun shafa su, har wasunmu suka tura kai cikin bakinsu. Da muka dawo Zongo na tambayi wani tsoho a layinmu, wanda kakanninsa daga Damagaram suka zo, ko mutanenmu sun taɓa ƙera irin wannan abu da hannunsu. Ya yi dariya, ya ce in je in nemi labarin Tanimun. To, ga abin da na samo.

Damagaram tana kudancin Nijar ta yau, babban birninta Zinder. Gidan sarautar asalinsu Barebari ne, talakawa kuwa yawanci Hausawa. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804 ya kifar da sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya, Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Borno take bi, can take kai gaisuwa. Mahaifin Tanimun, Sarki Sulaimanu, shi ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Bayansa 'ya'yansa biyu, Ibrahim da Tanimun, suka yi ta ja-in-ja a kan gadon. Tanimun ya hau a 1841, bai wuce shekara biyu ba aka mayar da Ibrahim. Sai wajen 1851 ya sake samu, wannan karon kuwa ya riƙe har rasuwarsa a 1884.

Ku dubi inda Allah Ya ajiye shi. A gabas ga Shehun Borno a Kukawa yana jiran haraji. A kudu ga Kano da Katsina masu tutar Sakkwato. A arewa ga Buzaye. Ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya. Amma tana da abu ɗaya: ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus ya ratso ta Agadas, a Zinder yake sauka kafin ya wuce Kano. Unguwar da fataken ke sauka ma sunanta Zango, kamar tamu.

Ta wannan hanya bindigogi ke shigowa, kuma kowane sarki mai kuɗi yana iya saye. Inda Tanimun ya bambanta shi ne bai tsaya ga saye ba. Ya gane cewa wanda ke sayar maka da albarushi, ran da ya ga dama sai ya hana ka, bindigarka ta zama sanda. Sai ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin garinsa, ya tara maƙera suna gyaran bindiga, har suka kai ga narka tagulla suna zuba igwa. Wannan fa ba ƙaramin aiki ba ne. Igwa ba kamar fartanya take ba da za a yi ta bugu har ta miƙe. Sai an gina mazubi, a narka ƙarfe mai yawa a lokaci guda, a zuba shi bai huce ba. In aka bar ɗan rami a ciki, ranar harbi sai ta fashe ta kashe mai ita kafin abokin gaba. Ni dai maƙeran nan su suka fi burge ni a labarin duka.

Ya kuma kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, ya tara dawaki da 'yan bindiga masu yawa. Da wannan ƙarfi ya mallake ƙananan ƙasashen da ke kewaye da shi, ya kai hannu har Muniyo, wadda ita ma Borno take bi. Tun daga nan biyayyarsa ga Kukawa ta zama ta baki kawai. Igwa a wancan zamani tana da nauyin ɗauka, ɗura ta kuma sai an ɗau lokaci, amma ƙararta kaɗai ta isa ta firgita doki, ta karya zuciyar mutanen da ke bayan ganuwa.

Akwai wurin da alƙalamina ya yi nauyi. Da me aka biya tagulla da bindigogi da dawakin nan? Da fatu da gashin jimina, haka ne, amma kuma da mutane. Ana kai hari ƙauyuka, a kamo bayi, wasu a sa su gona, wasu a tura su arewa cikin hamada, alhali da yawansu masu salla ne. Mun karanta a fiƙihu cewa ɗa Musulmi ba a bautar da shi. Ban ga yadda zan yabi igwar in rufe ido ga wannan ba.

Shekarun da Tanimun ke kan gado, mu nan ma igwa ta zo mana. A 1874, a yaƙin Amoaful, Hausawa ne sojan Ingila suka sa suna harba igwoyinsu a kan Tonawa, kwanaki kaɗan bayan nan aka shiga Kumasi aka ƙone ta. Can Bahaushe na zuba tasa igwar, nan Bahaushe na harba ta Bature.

Ɗansa Amadu, wanda ake wa kirari da Kuran Daga, ya hau a 1893, ya gaji kayan yaƙin, har ya kai wa ƙasar Kano yaƙi. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a Zinder. Shekara na kewayowa Faransawa suka zo da bindigogi masu harbi da sauri, aka haɗu a Tirmini, yamma da birnin, rundunar Damagaram ta watse. Amadu ya fita daga gari, ba a daɗe ba aka cim masa aka kashe shi. Shekara 15 ke nan kacal bayan rasuwar Tanimun. Faransawa suka zauna a Zinder, nan ce ma hedikwatarsu ta Nijar kafin su koma Yamai a 1926.