TARIHIN MAGABATA: ALHAJI UMARU NA KETE-KRACHI, MALAMIN DA YA RUBUTA TUNKUYAU

 

Ga watan azumi ya ƙarato. A wannan fitowa mun ga ya dace filinmu na tarihin magabata ya tsaya a kan wani bawan Allah da ya ga yaƙi, ya ga zuwan Turawa, ya ga annoba, kuma duk abin da ya gani sai da ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, limamin Kete-Krachi, wanda dattawanmu ke kira Alhaji Umaru Karki. Da yawa daga cikinmu mun ji sunansa a bakin kakanni, amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da ya yi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a littattafansa ake jingina shi ga Kabi da Kano da kuma Salaga. Mahaifinsa, Malam Abubakar, malami ne kuma bafatake mai fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano, sa'an nan ya yi yawon neman ilimi a ƙasar Hausa, ya karanci fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa.

Tun yana saurayi yake bin ayari. A wancan zamani tafiya daga Kano zuwa Salaga takan ci watanni, da jakuna da 'yan alaro, ana ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Duk inda ayari ya yada zango akwai mai masauki, akwai liman, akwai wanda zai yi jinyar baƙo in ya kwanta, ya yi masa sutura in ya cika. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwanninmu suka samo sunansu. A kan wannan hanya Umaru ya san garuruwa da harsuna da halayen mutane. Ganin yadda fatake ke bukatar aika wasiƙu ya sa ya wallafa wani littafi da Larabci mai koyar da tsarin rubuta wasiƙa, sunansa Al-Sarhatul Wariƙa, wanda malamai suka daɗe suna amfani da shi.

WATSEWAR SALAGA

Daga baya ya zauna a Salaga yana karantarwa. Garin kuwa ya riga ya fara ja da baya tun 1874, lokacin da Ingilishi suka ci Kumasi, ƙarfin Asante ya karye a arewa, cinikin goro ya karkata zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja a kan sarautar Kpembe. Aka ƙone gidaje, kasuwa ta tashi, baƙi suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Ankara, wasu kuma Kete-Krachi a bakin kogin Volta. Malam Umaru yana cikin waɗanda suka ƙare a Kete.

Mutum ne da ya rasa gari da makaranta da maƙwabta a lokaci guda. Bai zauna yana kukan abin da ya wuce ba. Ya shimfiɗa buzu ya ci gaba da karatu, almajirai suka taru, har ya zama limamin garin a zamanin da Jamus ke mulkin yankin. Baƙin cikin Salaga kuwa ya zuba shi a wata ƙasida mai suna Tanbihul Ikhwan, inda ya ba da labarin yaƙin da abin da ya jawo shi, don na baya su ɗauki darasi.

Haka ya yi da zuwan Turawa. Ya yi ƙasidu da Larabci, ya yi waƙa da Hausar ajami, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka bai ƙi zama da masu neman sani daga cikinsu ba. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906, ya yi karatu a wurinsa, kuma saboda roƙonsa Malam ya rubuta bayanai masu yawa a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta. A 1913 ya tafi aikin Hajji, kuma a Madina ya sadu da Alfa Hashim, babban malamin ɗariƙar Tijjaniyya.

SHEKARAR TUNKUYAU

A ƙarshen watan Agusta na 1918, yaƙin duniya na farko bai gama ƙarewa ba, wani jirgin ruwa da ya taso daga Freetown ya kawo mugunyar mura gaɓar Gold Coast. Ta fara da Cape Coast da Ankara, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake ta haura arewa. Takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, sai tari, sai ta sauka a huhu, kuma ta fi kashe majiya ƙarfi, samari da 'yan mata irinmu. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 100,000 a ƙasar nan cikin watanni shida. A duniya baki ɗaya kuwa miliyoyi ne masu yawa.

Hausawa suka sa mata suna Tunkuyau. Da wannan suna Alhaji Umaru ya kira ƙasidar da ya yi a kanta. Da Larabci ya tsara ta, ya zayyana yadda cutar ke kama jiki, ya bar wa na baya shaidar wanda ya ga abin da idonsa. Kwafinta yana cikin rubuce-rubucen ajami da na Larabci da aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon.

Mu duba lissafin watanni. Azumin shekarar 1336 ya faɗo a watan Yuni zuwa Yuli na 1918, mutane suka yi shi lafiya lau. Annoba ta sauka gab da Babbar Sallah. Da azumi ya kewayo a ƙarshen Mayu na 1919, sahun da aka yi tarawihi da shi bara ya yi giɓi, gidaje sun cika da zawarawa da marayu. A zango kuwa yawancin mutane baƙi ne, danginsu suna can Kano ko Katsina ko Barno ko ƙasar Moshi. Wanda ya mutu, maƙwabta ne danginsa. Su za su yi masa wanka, su sallace shi, su riƙe 'ya'yansa. Ba don wannan riƙon ba, da zanguna da yawa sun tashi kamar yadda Salaga ta tashi.

Alhaji Umaru ya daɗe da sanin inda ciwon jama'a yake. Yana da wata sananniyar waƙa ta Hausa, Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da mai gaskiya ne, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da hali. Wanda ya karanta ta sa'an nan ya karanta Tunkuyau zai gane abu guda: cuta tana shiga kowane gida, amma gidan da babu hatsi ta fi daɗewa a ciki.

RASUWARSA

Ya ci gaba da limanci da karantarwa a Kete-Krachi har Allah ya yi masa rasuwa a 1934. Almajiransa sun bazu a zangunan Gana da Togo, sun buɗe makarantu, kuma malamai da yawa na ƙasar nan silsilar karatunsu tana komawa gare shi. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya shanye tsohon garin Kete-Krachi, aka mayar da mutane sabon matsuguni. Ruwa ya ci unguwar da ya zauna, amma takardunsa sun tsira. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mu ma mun ga tamu Tunkuyau. A watan Maris na 2020 gwamnati ta hana taruwa saboda korona, aka rufe masallatai, aka kulle Ankara da Kumasi na mako uku. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, babu tarawihi a jam'i, babu zaman tafsiri sai ta rediyo, babu fita Idi. Har a Maleshiya an soke kasuwannin azumi na unguwanni irin su Wangsa Maju a Kuwala Lumfur, Masallacin Harami ma ya zama fayau. Addininmu bai bar mu cikin duhu ba, domin tun farko Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita.

Kowa zai tuna abin da ya faru a lungunanmu. Iyayenmu mata masu sayar da koko da ƙosai da masa ciniki ya tsaya musu. Kayayo da masu turin baro suka rasa na buɗa baki. Sai samari suka ɗaura takunkumi, suka bi gida gida da ƙullin shinkafa da sukari, aka ajiye bokitin Veronica a bakin ƙofa, magidanta da yawa suka yi wa iyalinsu limanci karo na farko a rayuwarsu. A wannan wata mun san wanda ke kwana da yunwa a bayan katangarmu.

Tambayar ita ce, yau mun san shi? Annoba ta wuce, masallatai sun cika, amma marayun da ta bari suna nan, wasunsu sun bar makaranta. Kuma wa ya rubuta abin da ya faru? Alhaji Umaru da tawada da alƙalamin kara ya adana mana labarin 1892 da na 1918. Mu da muke da waya da kwamfuta, ko sunayen mamatanmu na 2020 ba mu tara ba.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe na ƙungiyarmu da ya yi abu uku kafin a ga wata. Na farko, a zauna da liman da sarkin zango a rubuta gidajen zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai kula, a raba su tsakanin 'yan'uwa, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin magariba, a kai cikin sirri ba tare da ɗaukar hoto ba. Na biyu, a je wurin dattawa a rubuta abin da suka gani a shekarar korona da abin da suka ji daga iyayensu game da Tunkuyau. Na uku, duk mai akwatin takardun kakansa a gida ya buɗe shi ya kakkaɓe, ya nemi malamin da zai karanta masa, kafin gara ta riga mu. Wanda bai iya karatun ajami ba, ga watan koyo ya zo.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan magabatanmu, ya kare zangunanmu daga annoba da rarrabuwar kai. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.