Botvinnik: Zakaran Dara Da Na'ura Ta Ci Amanarsa

A Shagari, idan za a buga dara, kowa 'ya'ya 12 yake ɗauka. Wanda ya zo da 20 ba gwani ba ne, ɗan maguɗi ne. To, ya abin yake idan kwamfutoci ne ke karawa, ɗaya sabuwa fil, ɗaya tana tari? Tarihin Mikhail Botvinnik ya sa na yi wannan tambayar.

An haife shi a 1911 kusa da birnin Saint Petersburg na Rasha. Yana da shekara 14 ya doke Capablanca, zakaran duniya a ces, wato darar Turawa, a wasan da zakaran ya tari mutane da yawa lokaci guda. Kuma ɗan poli ne kamar mu: injiniyancin lantarki ya karanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Leningrad. Ya zama zakaran duniya a 1948, sau biyu ana ƙwace masa kambun yana ƙwatowa, sai a 1963 ya kuɓuce masa gaba ɗaya.

Da ya daina shiga gasa a 1970, sai ya duƙufa kan manhajarsa mai suna Pioneer. Kwamfutocin Tarayyar Sobiyet ba su kai na Amurka gudu ba, samun damar hawansu ma aiki ne. Sai ya so manhajar ta riƙa tunani irin na gwani, ta zaɓi 'yan hanyoyi masu ma'ana ta bar sauran. Har ya rasu a 1995 aikin bai kammala ba.

Bayan shekara 2, Deep Blue ta kamfanin IBM, mai duba yanayin allo miliyan 200 cikin daƙiƙa ɗaya, ta kayar da ɗalibinsa Garry Kasparov. Basira ce ta ci ko ƙarfin ƙarfe? An daɗe ana musu. A 2010 masu shirya gasar kwamfutoci ta duniya suka ƙara wani rukuni inda kowace manhaja ke hawa na'ura iri ɗaya.

'Yan uwa, lokacin kare furojet ya matso. Wani da laftof sabuwa, wani da ta aro wadda batirinta ba ya kai minti 20. Ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi a riƙa gwada manhajar kowa a kwamfuta ɗaya ta ɗakin gwaji. A nan ne za a san wanda ya iya.