Tarihin Likita Charcot Na Ƙasar Faransa

An haifi Jean-Martin Charcot, wanda ake faɗin sunansa Sharko, a birnin Paris cikin shekarar 1825. Ubansa maƙerin keken doki ne. A 1862 aka ba shi aiki a babban asibitin Salpêtrière, inda mata wajen 5,000 suke zaune, tsofaffi da guragu da masu taɓin hankali, galibinsu an fid da tsammanin warkewarsu.

Ga yadda ya kan yi aikinsa. Sai ya sa wa majinyaciya ido shekara da shekaru, yana rubuta yadda take tafiya da yadda take magana. In ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta da lakarta, ya gwama abin da ya gani da abin da ya rubuta. An ce har a gidansa ya ajiye wata 'yar aiki mai karkarwar hannu, tana ta fasa masa tangaran, amma bai sallame ta ba. Mu nan, a Taba ko Makarfi, da mun ga irinta sai mu ce iska ce ta buge ta. Bayan rasuwarta aka tarar da tabo-tabo masu tauri a warwatse cikin ƙwaƙwalwarta da lakarta.

Cikin 1868 ya bayyana wa ɗalibansa wannan cuta, wadda yanzu likitoci ke kira MS. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa a lulluɓe suke da wani farin kitse, sunansa mayelin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Charcot ya lura cewa a wurin tabon rigar nan ce ke lalacewa, ita kuwa jijiyar sau da yawa tana nan. Saboda haka saƙon ƙwaƙwalwa ke yin jinkiri, ko ya tsaya a hanya. Ya ambaci alamu uku: rawar ido, da karkarwar hannu in an miƙa shi za a ɗauki abu, da magana daki-daki. Magani kam bai samu ba. Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1893.

Duk tsawon ransa bai taɓa ganin tabon nan a jikin mai rai ba. Sai a 1981, a asibitin Hammersmith na London, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu cutar da injin maganaɗisu da ake kira MRI, tabon ya fito sarai, majinyatan suna kwance da ransu, ba a tsaga kowa ba.